Darasi na 9: Sinadaran Ƙwaƙwalwa a Bakin Masu Talla

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:

1. bayyana aikin sinadaran ƙwaƙwalwa da bakinsa;
2. rarrabe abin da bincike ya tabbatar game da dofamin da oksitosin da sirotonin daga abin da masu talla suka ƙara;
3. faɗin dalilin da ya sa kalmar kimiyya ke saurin shawo kan mai saye;
4. yi wa mai talla tambayoyin da suka dace kafin ya fitar da kuɗinsa.

Shimfiɗa

Mu ƙaddara muna cikin bas a tasha ana jiran ta cika. Rana ta take, ɗan kamasho na ta kiran saura mutum biyu. Sai ga wani matashi sanye da farar riga irin ta ma'aikatan asibiti, ya leƙo ta taga. A hannunsa akwai 'yar kwalba, an manna mata hoton ƙwaƙwalwa mai launin shuɗi da ja.

"Hajiya, barka da rana. Akwai mai zana jarrabawa a gida?"

"Akwai autana, bana zai zauna WAEC."

"To Hajiya, faɗuwa ta zo daidai da zama. Yaran yanzu waya ta ƙone musu dofamin, shi ya sa karatu ba ya zama. Wannan yana cike gurbin dofamin da sirotonin. Cokali ɗaya da safe, ɗaya da dare."

Hajiya ta juya wajen budurwar da ke gefenta. "'Yar nan, mene ne dofamin?"

"Wallahi Mama ban san shi ba, amma ina yawan jin sunansa a waya."

Hajiya ta kwance bakin mayafi, ta ƙirga kuɗin da ta ware don cefane, ta miƙa.

Wannan baiwar Allah ba ta sayen shinkafa sai ta murza a tafin hannu ta shinshina. Ba ta ɗaukar tukunya sai ta ƙwanƙwasa ta ji ƙararta. Da matashin ya ce mata maganin basira ne, da ta tambaye shi wa ya taɓa sha, da me aka haɗa, kuma da ta taya. Kalma ɗaya da ba ta sani ba ita ta ɗaure mata baki. Darasinmu na yau a kan wannan kalma yake, da 'yan'uwanta, da yadda suka fito daga ɗakin bincike suka shiga kasuwa.

1. Mene ne sinadaran ƙwaƙwalwa?

Ƙwaƙwalwar babban mutum ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, amma tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86. Galibinsu ba su manne da juna ba, akwai ɗan siririn gibi tsakanin wannan da waccan. Idan saƙo ya zo bakin gibin, sai ƙwayar ta saki wani sinadari ya haye da shi, kamar yadda mai fito ke haye kogi da wasiƙa. Irin waɗannan masu fito suna da yawa, kuma dofamin da sirotonin suna cikinsu.

Abu biyu za mu riƙe a nan. Na farko, mai fito ɗaya yakan ɗauki wasiƙu iri-iri. Yau ya haye da takardar ɗaurin aure, gobe da ta sammaci. Sanin sunansa ba ya gaya maka abin da ke cikin wasiƙar. Haka sinadari ɗaya yake yin ayyuka daban-daban, gwargwadon sashen ƙwaƙwalwar da aka sake shi da kuma ƙwayar da ta karɓe shi.

Na biyu, ƙwaƙwalwa tana da ganuwa. Akwai shinge tsakanin jini da ƙwaƙwalwa wanda ke tace abin da zai shiga. Dofamin da sirotonin da mutum ya haɗiya ba sa ƙetare wannan shinge. Ayaba tana ɗauke da su duka biyun, amma nata ba ya kaiwa can. Ƙwaƙwalwa da kanta take ƙera wanda take amfani da shi. Har wa yau, babu gwajin jinin da ake yi a asibiti a ce maka ga adadin dofamin ko sirotonin da ke cikin kanka. Abin da ɗakin gwaji ba ya aunawa, mai leƙowa ta taga bai isa ya gane shi a fuskarka ba.

Ku kuma lura cewa kusan komai yana motsa waɗannan sinadarai: barci, yunwa, tafiya, gaisuwar aboki, kukan jariri. Goro yana korar barci ne saboda kafeyin da ke cikinsa yana toshe aikin wani sinadari mai suna adinosin, wanda ke taruwa yana jawo gyangyaɗi. Kakanninmu sun san aikin goro ba tare da sun ji wannan suna ba. Saboda haka idan mai talla ya ce kayansa "yana aiki a kan sinadaran ƙwaƙwalwa", bai faɗi abin da ya bambanta shi da ƙwallon goro ba.

2. Me ya sa kalmar take ratsa mu?

A shekarar 2008 Deena Weisberg da abokan aikinta a Jami'ar Yale ta Amurka sun wallafa sakamakon wani gwaji. Sun rubuta bayanai a kan wasu halayen ɗan Adam. Wasu bayanan masu ma'ana ne, wasu kuwa zagaye ne kawai, an maimaita tambayar da wasu kalmomi ba a amsa ta ba. Sai suka ɗauki wani kaso na bayanan suka cusa musu 'yar jimla mai ambaton wani sashe na ƙwaƙwalwa, jimlar da ba ta ƙara komai ga hujjar ba. Daga nan suka raba wa mutane, suka ce kowa ya faɗi yadda bayanin ya gamsar da shi.

Mutanen da ba su karanci fannin ba sun iya gane bayani marar ma'ana idan ya zo tsirara. Da aka sa masa jimlar ƙwaƙwalwa, sai suka ƙara masa maki. Ɗaliban da suka fara karanta fannin su ma jimlar ta ja su. Ƙwararru ne kaɗai ba ta ruɗa ba. Wasu masu binciken sun sake gwajin daga baya, suka sami sakamako mai kama da wannan.

Mutanen da aka gwada masu ilimin boko ne, a ƙasar da ake alfahari da jami'o'i. Ashe abin da ya sami Hajiya a tasha ba jahilci ba ne. Ɗan Adam yana girmama ilimi, kuma idan ya ji kalmar da ta fi ƙarfinsa yakan ɗauka mai faɗinta ya san abin da shi bai sani ba. Ga kunyar tambaya, kada a ce masa baƙauye. Sannan kalmar tana mayar da matsala mai sarƙaƙiya ta zama 'yar ƙarama. Yaron da ba ya fahimtar karatu wataƙila yunwa ce, ko rashin barci, ko cunkoson aji, ko idonsa ne ba ya ganin allo. Gyaran waɗannan yana buƙatar lokaci da wahala. Idan aka ce sinadari ɗaya ne ya ragu, sai zuciya ta yi sanyi, domin abin da ya ragu ana iya sayo shi a kwalba.

3. Dofamin

A bakin masu talla, dofamin shi ne "sinadarin jin daɗi". Tarihinsa ya fara ne daga wani wuri daban. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Arvid Carlsson, ya nuna a ƙarshen shekarun 1950 cewa dofamin ɗan saƙo ne a ƙwaƙwalwa kuma yana da hannu wajen motsa jiki, aikin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2000. Idan ƙwayoyin da ke ƙera shi suka mutu, sai cutar Parkinson ta bayyana: hannu na karkarwa, jiki ya sandare, tafiya ta yi nauyi. Ita ce ta kama ɗan dambe Muhammad Ali, wanda duniya ta gani a 1996 yana kunna wutar gasar Olamfik a Atlanta hannunsa na rawa. Likitoci suna ba masu wannan cuta magani mai suna lebodofa, domin shi yana iya ƙetare shingen nan, ƙwaƙwalwa ta mayar da shi dofamin.

Daga baya Wolfram Schultz ya yi gwaji da birai. Idan aka ɗiga wa biri ruwan 'ya'yan itace ba zato, ƙwayoyin dofamin sai su zabura. Idan aka saba kunna fitila kafin a ɗiga, zaburar sai ta koma lokacin da fitilar ta kama. Idan kuwa fitila ta kama ruwan bai zo ba, aikin ƙwayoyin sai ya faɗi ƙasa da yadda yake. Kwatanta da ɗan kasuwar da ke jiran alat. Waya ta yi ƙara, gabansa ya faɗi, ya zaro ta da sauri, sai ya tarar saƙon kamfanin layi ne. Zaburar nan tun a ƙarar wayar ta zo, kafin ya ga ko sisi. Dofamin yana da alaƙa da tsammani da koyo: abin da ya zo ya fi abin da na zata, ko bai kai ba?

Kent Berridge na Jami'ar Mishigan ya ƙara haske. Ɓerayen da aka rage wa dofamin sosai ba sa tashi neman abinci ko yana gabansu, amma idan aka ɗiga musu sukari a harshe suna lasar baki kamar kowane ɓera. Daɗin yana nan, himmar nema ce ta tafi. Kuma yawansa ba alheri ba ne a kullum. Wasu masu cutar Parkinson da aka ba magungunan da ke kwaikwayon dofamin sun afka caca da saye-saye ba kan gado, abin da ba halinsu ba ne a da.

Kasuwa ba ta ɗauki wannan dogon bayani ba. A 2017 Sean Parker, shugaban Facebook na farko, ya faɗa a bainar jama'a cewa an tsara dandalin ne yadda yabo da tsokacin mutane za su riƙa ba mai amfani da shi ɗan dofamin don ya yi ta dawowa. A 2019 aka yi yayin "azumin dofamin" a San Faransisko, inda wasu suka riƙa ƙaurace wa waya da kiɗa har da hira don wai sinadarin ya huta. Rage danna waya abu ne mai kyau, amma dofamin ba man fetur ba ne da zai ƙare a tanki. A kan wannan kuskure aka gina littattafai da kwasa-kwasai da ƙwayoyin sha. Har ƙarara, wadda muka sani da ƙaiƙayi a jeji, ana niƙa 'ya'yanta a zuba a kafso a sayar ta intanet. Gaskiya ne 'ya'yan nata suna ɗauke da lebodofa. Sai dai wani bincike da aka yi a Amurka a 2022 ya gano cewa adadin da ke cikin irin waɗannan kafso ya sha bamban da abin da aka rubuta a jikinsu. Lebodofa maganin marar lafiya ne da likita ke aunawa, kuma yana iya jawo tashin zuciya da jiri da ruɗewa. Ɗan makaranta mai lafiya ba shi da buƙatarsa.

4. Oksitosin

Mata da unguwarzoma sun san wannan sinadari da aikinsa ko da ba su san sunan ba, domin shi ne ake kira allurar naƙuda. Henry Dale na Ingila ya lura da yadda yake matse mahaifa a 1906, aka kuma iya haɗa shi a ɗakin gwaji a 1953. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a gaba wajen hana zubar jini bayan haihuwa. Shi ne kuma ke sa nono ya zubo idan jariri ya kama. Wanda ya taɓa shiga ɗakin haihuwa ya ga yadda ake kula da shi: 'yar ƙaramar kwalba ce da ake ajiyewa a firji saboda zafi yana lalata ta, kuma da allura ko ƙarin ruwa ake bayarwa, domin ciki yana narkar da shi idan an sha.

A 2005 wasu masana a Zurik ta ƙasar Suwizalan suka yi wani wasan kuɗi. Ana ba mutum jari, a ce yana iya miƙa wa baƙon da bai sani ba. Abin da ya miƙa za a ninka shi uku, baƙon kuma yana iya dawo da rabo ko ya riƙe duka. An fesa wa mutum 29 oksitosin a hanci, wasu 29 aka fesa musu ruwan da ba shi da sinadarin. A rukunin farko 13 sun miƙa jarinsu gaba ɗaya, a na biyu 6 kawai. Mujallar Nature ta buga, jaridu suka raɗa masa "sinadarin amana" da "sinadarin soyayya". Ba a daɗe ba wani kamfani ya fito da turare mai suna Liquid Trust, wai ka fesa a riga mutane su amince da kai. Mu ma mun san masu tallar turaren farin jini da na mallaka. Buri ɗaya ne, sai dai wannan ya sanyo rigar likita.

Bincike bai tsaya nan ba. A 2010 da 2011 Carsten De Dreu a ƙasar Holan ya ba da rahoton cewa oksitosin yana iya ƙara wa mutum fifita 'yan rukuninsa a kan bare. A 2020 kuma aka sake wasan kuɗin nan da maza fiye da 600, har da ɗaya daga masanan farko a cikin masu aikin, ba a sami shaidar cewa feshin yana ƙara amana a tsakanin jama'a gaba ɗaya ba. Ƙaramin gwaji na farko ya zagaye duniya, babban da ya gyara shi kuwa 'yan kaɗan ne suka ji labarinsa. Mai talla da na farko yake yawo har gobe.

5. Sirotonin

Wannan sashe yana buƙatar natsuwa, domin ya shafi marasa lafiya. A shekarun 1960 wasu likitoci, cikinsu da Alec Coppen na Ingila, suka yi hasashen cewa ƙarancin sirotonin yana iya zama sanadin cutar tsananin damuwa. Hasashe ne da aka ajiye don a gwada. A ƙarshen 1987 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da maganin damuwa mai suna Prozac, wasu magunguna irinsa suka biyo baya. A 1997 aka sassauta dokar tallar magani a talabijin a can. Amurka da Niyu Zilan ne ƙasashen da aka sani da barin kamfani ya tallata wa jama'a kai tsaye maganin da sai likita ya rubuta. A farkon shekarun 2000 tallar wani maganin damuwa mai suna Zoloft ta riƙa nuna wani ɗan dunƙulallen zane mai baƙin ciki, da hoton jijiya biyu da ɗigo-ɗigo na yawo a tsakaninsu, ana cewa damuwa tana iya kasancewa da alaƙa da rashin daidaiton sinadarai. Miliyoyin mutane suka haddace wannan bayani.

A 2005 Jeffrey Lacasse da Jonathan Leo suka nuna a rubuce cewa abin da tallar ke faɗa ya zarce abin da bincike ya tabbatar. A 2022 Joanna Moncrieff da abokan aikinta a Landan suka tattara binciken shekaru masu yawa, suka ce ba su sami tsayayyar hujja ba cewa ƙarancin sirotonin ne ke kawo cutar. Wasu masana sun soki hanyar da suka bi, amma likitocin fannin da dama sun ce dama tuni suka bar wancan gajeren bayani. Abin lura ma, kusan kashi 90 cikin 100 na sirotonin ɗin jiki a hanji ake ƙera shi.

Kada wani ya fahimci cewa magungunan ba su da amfani. A 2018 Andrea Cipriani na Jami'ar Oksfod da tawagarsa suka haɗa gwaje-gwaje 522 a kan magunguna 21, suka tarar kowannensu ya fi ƙwayar da ba ta da sinadari aiki, ko da yake fifikon matsakaici ne. Farasitamol yana sauƙaƙa ciwon kai, amma ba wanda zai ce rashin farasitamol a jiki ne ya kawo ciwon. Duk wanda likita ya ɗora a kan maganin damuwa kada ya yanke shi da kansa, domin dainawa farat ɗaya tana da illa. Ya koma wurin likitansa su yi shawara.

Labarin sirotonin ya yi wani alheri: ya sa mutane da yawa sun yarda cewa damuwa ciwo ce, ba ragwanci ko ƙarancin tawakkali ba. Amma yana da nasa nauyin. A wani gwaji da aka wallafa a 2014 daga Jami'ar Wayomin ta Amurka, an yi wa masu fama da damuwa gwajin bogi da auduga a baki, aka gaya wa wasunsu cewa sirotonin ɗinsu ya yi ƙasa. Waɗanda aka gaya wa haka sun fi yanke ƙauna daga warkewa, kuma sun fi ganin ƙwaya ce mafita a kan zaman tattaunawa da ƙwararre. Jimla ɗaya ta canja yadda suke kallon kansu da irin maganin da za su zaɓa. Alhali damuwa tana da ƙofofi da yawa: rashin masoyi, bashi, haihuwa, doguwar jinya, tashin hankali, gadon jini. Magani na ƙwarai yakan duba su duka.

6. Daga ɗakin bincike zuwa kasuwa

A 2008 Molly Crockett, tana Jami'ar Kambirij, ta ba mutane wani haɗin sha da ke rage sinadarin da jiki ke ƙera sirotonin da shi. Ta ga sun fi ƙin karɓar rabon kuɗin da aka yi musu rashin adalci a ciki. Babu cuku a gwajin nata, babu cakulan. Amma jaridu suka buga cewa cin burodi da cuku yana taimaka wa mutum yanke shawara mai kyau, wasu suka ce cakulan yana hana fushi. Ita da kanta ta fito a 2012 tana gargaɗin jama'a a kan irin wannan ƙari. Haka abin yake tafiya: mai bincike ya ce "wataƙila", ɗan jarida ya ce "an gano", mai talla ya ce "an tabbatar".

Wani lokaci hukuma takan taka birki. A watan Janairun 2016 kamfanin da ke da manhajar Lumosity ya amince ya biya dala miliyan 2 ga hukumar kula da cinikayya ta Amurka, bayan ta zarge shi da yin iƙirarin cewa wasanninsa na waya suna ƙara ƙwazo a makaranta da wurin aiki kuma suna jinkirta ɗimuwar tsufa, ba tare da isasshiyar hujja ba. Kafin hukunci ya zo, mutane sun riga sun biya.

7. Mu dawo gida

A Najeriya hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke yi wa magani rajista, kuma ta haramta yawo da magani a tasha da cikin mota. Yawancin magungunan gargajiya da ke da lambarta, lambar tana ƙarewa da harafin L. Ma'anarsa an duba cewa ba su da guba a gwajin da aka yi, ba a tabbatar suna warkar da abin da aka rubuta ba. Shi ya sa ake sa su rubuta a jikin kwalba cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Wannan rubutu ƙanana ne, ku neme shi.

Mun kuma ga abin da ke faruwa idan abu yana taɓa sinadaran ƙwaƙwalwa da gaske. Taramol yana yin haka, har da sirotonin. An tallata shi ga leburori da manoma da masu tuƙi a matsayin maganin gajiya, ya bar matasa da kamu da jijjiga irin ta farfaɗiya. Maganin tari mai kodin sai da gwamnati ta hana haɗa shi da shigo da shi a watan Mayun 2018. Binciken ƙasa na shekarar 2018 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Najeriya. Don haka kwalbar bakin taga ɗayan biyu ce. In ba ta taɓa ƙwaƙwalwa, an yi asarar kuɗi. In tana taɓawa, to ba abin da za a sha ba ne sai da awon likita.

8. Tambayoyi biyar kafin ka saya

1. Idan na cire kalmar kimiyyar daga tallar, me ya rage?
2. A kan wa aka gwada: ɓera, biri ko mutum? Mutum nawa?
3. An kwatanta waɗanda suka sha da waɗanda ba su sha ba?
4. Wannan kayan aka gwada, ko sunan wani bincike aka ara?
5. Mai ba ni bayanin nan, me zai samu idan na saya?

Sababbin kalmomi

Ƙwayar jijiya: ƙaramar halittar da ke ɗaukar saƙo a ƙwaƙwalwa da jiki.
Hasashe: zaton masani wanda ake jiran gwaji ya tabbatar ko ya rushe.
Maimaita gwaji: sake yin bincike don a ga ko za a sami sakamakon farko.
Iƙirari: abin da mai kaya ya ce kayansa yana yi.

Tambayoyin bita

1. Me ya sa cin ayaba ba ya ƙara dofamin a ƙwaƙwalwa?
2. Me gwajin Jami'ar Yale ya nuna game da bayani marar ma'ana?
3. Mene ne bambancin sakamakon 2005 da na 2020 a kan oksitosin?
4. Me za ka ce wa ɗan'uwan da ke son daina maganin damuwa saboda wani bidiyo da ya gani?

Aikin rukuni

Ku kasu uku-uku. Kowane rukuni ya kawo talla ɗaya ta maganin basira, ƙarfi ko kwanciyar hankali, daga rediyo ko waya ko jikin kwali. Ku ja layi a ƙarƙashin kowace kalmar kimiyya, ku karanta tallar ba tare da su ba, sannan ku auna ta da tambayoyi biyar ɗin nan. Mutum biyu kuma su kwaikwayi Hajiya da matashin tasha, amma a wannan karon Hajiya ta yi tambaya.

Kammalawa

Sinadaran ƙwaƙwalwa gaskiya ne, kuma saninsu ya ceci mata masu haihuwa, ya sauƙaƙa wa masu karkarwa da masu damuwa. Ambaton sunansu a talla kuwa ba hujja ba ne. 'Yan'uwa, basirar da kuke murza shinkafa da ita kuna ƙwanƙwasa tukunya, ita za ku yi amfani da ita a nan. Wanda ya kawo muku kalmar da ba ku sani ba, ku ce ya fassara ta da Hausa, ya kuma nuna a kan wa aka gwada. Wanda damuwa ko mantuwa ko rashin barci ya dame shi, ya nufi asibiti ya ga likita. Matambayi ba ya ɓata, ku tambaya kafin ku kwance bakin mayafi.